Malama Rakiya da Motar Babban Baƙo

Malama Rakiya ta daɗe tana koyar da adabin Hausa a wata sakandare da ke Karmo, tun Abuja na tsiro da sababbin gine-gine ta kowace kusurwa. Littafin da aka sa wa ɗalibanta don jarrabawa wasan kwaikwayo ne na wani Dakta Yamusa. Hausarsa tsaf take, Malama ba ta taɓa kama shi da kuskure ba. Amma duk macen da ke cikin littafin, in ba maƙaryaciya ba ce, to dukanta ake yi don a yi dariya. Kuma an jima ana jin ɗalibansa mata na jami'a suna cewa yakan kira su ofis ya kulle ƙofa.

Al'adar makarantar ce, ranar rabon kyauta a yi wasan littafin a gaban babban baƙo. A wannan shekara Daktan da kansa ya amsa gayyata. Sai ya aiko cewa a kai masa yarinyar da za ta fito a jaruma har masaukinsa, ita kaɗai, wai zai gyara mata furuci. Yarinyar Khairat ce, 'yar shekara sha shida, ubanta na gadin wata masana'anta a Idu.

Shugaban makaranta, Malam Surajo, ya kira Malama ofis.

"Gobe direbansa zai ɗauke ta," in ji shi. "Alfarma ce. Wa ya san Karmo, balle ya aiko da mota?"

"Ranka ya daɗe, in da gyara ya zo ajina ya zauna a benci, ƙofa a buɗe."

"Zargi ne fa kawai! Ke ba littafinsa kike koyarwa ba?"

"Ina koyarwa, shafi bayan shafi, har wurin dukan nake tsayawa in tambayi samari abin da ya ba su dariya. Amma yarinyar mutane ba ta cikin manhaja. Da 'yarka Kauthar ce, za ka sa ta a motar?"

Malam Surajo ya hau gyaran hula. "Kauthar ba ta iya wasa ba."

"Ta yi sa'a."

Washegari direba na tsayawa, Malama Rakiya ta buɗe ƙofa ta shige baya, littafin na hannunta.

"Mama, oga yarinya ya ce," in ji direban.

"Furucin nan ni na koya mata. In da kuskure, nawa ne. Ja mu tafi."

Da suka isa masaukin, Daktan bai sauko ya gan ta ba. Ranar rabon kyauta ma bai zo ba, Khairat ta yi wasanta a gaban kujerar da ba kowa, ubanta na yi mata tafi daga can baya. Kafin zangon karatu ya ƙare aka mayar da Malama wata makaranta can a garin Sheda, tafiyar da takan cinye mata safiya. Shi mai aiko da mota ba wanda ya tambaye shi komai. A Sheda ma littafin take koyarwa, kuma duk ajin da ta shiga sai ta sa an bar ƙofa a buɗe.