Wutar da Aka Hura Ranar Rasuwar Inna Iyatu

Na Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, goma ga watan Rajab, shekara ta dubu da ɗari biyu da tamanin da biyar bayan Hijira, Allah Ya karɓi ran Inna Iyatu da hantsi, a gidan mahaifinmu marigayi Malam Haruna mai fataucin tufafi, nan Ƙofar Rini cikin birnin Sakkwato. Ni Bara'atu, 'yar da ta raina tun ina jaririya, ni nake rubuta wannan. Ina rubutawa raina a ɓace, kuma ba zan ɓoye ba.

Inna, ban samu labarin rasuwarki daga gidanmu ba. Yayana Maccido, wanda gidan yake hannunsa yanzu, bai ga ya dace ya aika mini Wamakko inda nake aure ba. Kulu matar Bawa, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, ita ta ba masu jakai saƙo, su kuma sai washegari suka iso. Ko da na ji, an riga an kai ki makwancinki. Ban wanke ki ba, ban ga fuskarki ba. Na yi haƙuri da wannan, don gawa ba ta jira. Abin da na tarar a gida shi ne na kasa haɗiyewa, amma bari in fara faɗa wa mutane ko ke wace ce.

Baiwa aka kawo ki gidan nan, kina yarinya. Mahaifiyarmu ta rasu a kan gwiwa wajen haihuwata, Maccido kuwa lokacin bai daɗe da yaye ba. Ke kika ɗauke mu. Ina bayanki a goye, shi yana riƙe da gefen zanenki, kina tsaye bakin turmi. Da mahaifinmu ya ji ciwon ajali ya kama shi, ya tara shaidu ya 'yanta ki, ya ce ki tafi inda kike so. Kika dube shi kika ce, "In tahi ina? Wa ka tuƙa ma ɗiyanga?" Kika koma madafa kika ci gaba da kaɗa miyarki kamar ba a yi magana ba.

Ban san wani ƙamshi da ya riga ƙamshin daddawarki shiga hancina ba. Ke kike yin abarki da hannunki, ba ki yarda da ta kasuwa, kina cewa masu yin ta ba su da haƙurin jira ta nuna. Da la'asar sakaliya za ki aza tukunya, ki yi talge, ki tuƙa tuwon dawa da muciyar nan taki da ba wanda ya isa ya taɓa. Ki kwashe da mara, na Baba a akushi a kai zaure, namu a ƙwarya ɗaya a kan tabarma ƙarƙashin ceɗiyar tsakar gida. Miyar kuka yau, gobe busasshiyar kuɓewa da kifin gulbi, ran Juma'a tuwon shinkafa da taushe. Sai kin zo da ɗan kaskon man shanu kin ɗiga a tsakiya sannan a ce bisimilla. Maccido ya iya wata dabara: ya riƙa haƙa rami a gefensa don man ya gangara wajensa. Kina daga bakin murhu, ba ki ko waiwayo ba, za ki ce, "Maccido, ina ganin ka. Cike ramin nan." Har yau ban san da wane ido kike ganinsa ba.

Ba zan ce ba ki da faɗa ba, don Allah na gani. Kin iya mita. Gishiri kuwa kamar daga jikinki ake yankan shi. Wanda ya ci da hagu ya sha mara a bayan hannu, wanda ya tashi ya bar loma a ƙwarya sai ya dawo ya cinye ta ko yana kuka. Amma ban taɓa kwana da yunwa a hannunki ba, ko shekarar da fara ta cinye gonaki, hatsi ya yi tsadar da manyan gidaje ma suka koma tuƙi sau ɗaya a yini. Kin riƙa fita bayan ganuwa kina yago tafasa da rama, ki cuɗa da ɗan gari ki yi dambu, ki ce mana wai abincin sarakuna ne. Idan muka ce ki zo mu ci, sai ki ce kin ci wajen ɗanɗano. Sai da na girma na fara girki na gane ɗanɗano ba ya cika ciki. Ƙanzon gindin tukunya kike jiƙawa da ruwa ki sha, shi ma in Maccido bai riga ki kankarewa ba.

Da ƙyanda ta kwantar da shi, bakinsa ya yi gyambo, ba ya iya haɗiyar komai, ke kika zauna da shi a cinyarki kina ɗura masa kunun tsamiya da ƙaramin ludayi, kaɗan-kaɗan, yana tofarwa kina ƙarawa. Da ya isa fatauci zai bi ayari Gwanja karo na farko, kin yi kwanaki kina dakan guzuri. Garin gero da kayan yaji, dakuwa, kilishin da kika tsaya kan mahauci ya yi a gabanki. Ya dawo bayan watanni da rawani da goro, ya wuce kowa, ya tsuguna bakin madafa ya ce tun daga hanya miyarki yake mafarki. Ina nan tsaye, da kunnena na ji.

Akwai abin da duk Ƙofar Rini ta san ki da shi. In aka yi rasuwa a unguwa, ƙwaryarki ce ta farko da za ta shiga gidan. Kin sha gaya mini muna tafe, ina ɗauke da miya kina ɗauke da tuwo, cewa gidan da aka yi mutuwa ba a hura wuta sai an yi uku, maƙwabta ke ciyar da su. Murhu mai sanyi shi ke gaya wa unguwa cewa mutanen gidan sun yi rashi. Kin ciyar da gidan limami, kin ciyar da gidan majema, ba ki taɓa tambayar wanda ya mutu ɗa ne ko bawa ba.

To, Inna, ranar Laraba da na shigo ta ƙofar gari ƙafata duk ƙaya, tun daga nesa na hango hayaƙi yana tashi daga bayan katangarmu. Na ce ko idona ne. Na matso, sai ga ƙamshin daddawarki, wadda kika shanya da hannunki, yana fitowa har titi. Ba tabarma a ƙofar gida, ba kowa zaune. Kulu ta tare ni tana hawaye, ta ce jiya da la'asar ta tuƙa tuwo, ita da matan gidaje uku na maƙwabta, suka ɗauko suka zo. Da suka ga hayaƙi suka tsaya cirko-cirko. Kai abinci gidan da wutarsa ke ci zagi ne, kamar ka ce ba su iya ci da kansu ba. Haka suka juya da ƙoransu a kai. Ke da kika ciyar da makokin unguwa duka, aka mayar da tuwon makokinki daga bakin ƙofa.

Dalilin kuwa? Fatake abokan cinikin Maccido sun sauka gidan daga Jega jim kaɗan bayan an dawo daga maƙabarta. Bai so ya ce musu an yi rasuwa, kada ciniki ya tsaya. Ya sa matarsa Zainaba ta hura wuta a murhunki, kan tokar da kika bari. Na same ta tana tuƙi da muciyarki, tana share ido da gefen mayafi. Ban ga laifinta ba, umarni aka ba ta. Na ɗauki tulu na juye shi duka a murhun, har tukunyar ta tsage.

Ƙarar ce ta shigo da Maccido.

"Bara'atu, mi kinka yi hakanga? Baƙi gare ni zaure, mi za su ci?"

"Su ci abin da maƙwabta sunka kawo, awa kowane gidan mutuwa."

"Wa yam mutu muna? Tsohuwa ta, an yi mata sutura, an yi mata salla, an ruhe ta. Mi yar rage? Ai ba jininmu ta ba."

Na ce, "Jinin da ke jikinka da mi anka yi shi, in ba da tuwonta ba?"

Ya ce in bar masa gidansa. Na ce gidan ubana ne, kuma ga ni zaune bakin murhun nan, duk wanda zai hura wuta kafin a yi uku sai ya fara ɗauke ni. Na shimfiɗa tabarma a madafa na zauna. Zainaba ta ajiye muciyar ta zo ta zauna kusa da ni.

Ban ƙi a ce sutura da salla su ne wajibi ba, na yi karatu daidai gwargwado. Amma wane malami ya ce wa Maccido wajibi kaɗai ake yi wa wadda ta tauna ta ba ka? Lokacin da dokinsa ya mutu bara, yini guda ya yi bai fita kasuwa ba, mutane suna zuwa yi masa jaje. Ke kuwa ko rabin yini bai ba ki ba. Da ya ji kunyar baƙi, ai baƙin nan Musulmi ne, su ma uwa ta haife su, wata ta dafa musu. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk shekarun nan yana kiran ki Inna in yana jin yunwa. Ashe sunan na bakin ƙwarya ne.

Hayaƙi na ɗaukewa unguwa ta gani. Ba wanda na aika wa. Kafin azahar Kulu ta shigo da tuwon dawa, matar limami ta aiko da shinkafa, daga gidan majema aka kawo dambu da fura, wata tsohuwa mai sayar da itace da kike ba ta ƙanzo ta zo da ɗan ƙoƙon gumba. Mata suka cika tsakar gida. Mazan unguwa kuwa, Bawa na gaba, suka shiga zaure suka zauna, ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba.

Ba yadda Maccido zai yi, dole abincin nan aka kai wa baƙinsa. Ina tsaye bayan ƙofar zaure ta ciki ina miƙa ƙore, shi ya sa na ji komai. Babban fataken, wani dattijo mai suna Sodangi, ya buɗe faifai ɗaya, ya buɗe na biyu, ya ga ƙwarya ba ta yi kama da 'yar'uwarta ba, abinci kowane da hannun da ya yi shi. Ya janye hannunsa.

"Maccido, wanga abincin maƙwabta na. Wa anka rasa gidanga ba ka hwaɗa muna ba?"

Bawa na kallon Maccido, limami na kallonsa. Na san abin da zai fito bakinsa shi unguwa za ta riƙe har abada. In ya ce wata tsohuwa ce mai yi mana tuwo, shi ke nan, haka za ki tabbata. Ya daɗe yana murza bakin rawaninsa. Sannan, da muryar da ban ji ya yi ba tun yana yaro, ya ce, "Innarmu ta."

Sodangi ya ɗaga hannu aka yi miki fatiha, ya kuma ce ba mai kwance kaya sai an yi uku. Aka fitar da tabarmi ƙofar gida.

Ban sani ba ko zuciyarsa ce ta faɗa ko kunyar idon mutane. Har yanzu bai shigo madafa ba, bai kuma yi mini magana ba, ni ma ban huce ba. Kwana guda da aka yi ana girki a kan rasuwarki ba zai goge ba, kuma ba zan yi kamar ban gani ba don a zauna lafiya.

Allah Ya jiƙan ki, Inna Iyatu. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya shi, Ya haskaka shi. Allah Ya sa kowace loma da kika sa a bakin maraya da maƙwabci ta zama nauyi a mizaninki. Allah Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna, ki zauna a kawo miki, ki ci na farko, ki ƙoshi. Allah Ya haɗa ki da iyayenki da aka raba ki da su tun ba ki san sunan garinku ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kulu da Bawa da dukan mutanen Ƙofar Rini, da Zainaba da 'ya'yanta, da duk wanda ya taɓa wanke hannu a gidan Malam Haruna. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Kai kuma Maccido, ina yi maka ta'aziyyar uwarka. Da bakinka ka faɗa a gaban shaidu, na kuwa rubuta shi nan don kada wata rana ka janye.