Abin da Na Gani a Farcen Baba

A shekarar da nake digiri na biyu a fannin likitancin dabbobi, aikina shi ne kallon ƙarƙashin harshen tumaki. Malaminmu yana bincike kan abin da ke samun ƙananan jijiyoyin jini idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini. Sai a yi wa tunkiya allurar barci, a sa mata cutar, ni kuma in ɗora bakin wata siririyar kyamara a ƙasan harshenta, in zuba wa allon kwamfuta ido.

Da farko jinin kan yi ta gudu cikin jijiyoyin da ba su kai silin gashi kauri ba. Can sai wata ta fara tafiyar hawainiya, wata ta tsaya cak, alhali ta kusa da ita tana gudunta. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, na'urar awon jini tana nuna lafiya lau. Tunkiyar ta fara mutuwa daga ciki, amma awo bai sani ba tukuna.

Wata Asabar da hantsi na bar ɗakina a unguwar Mairi na je gida. Mahaifina dillalin shanu ne. Kwana biyar kafin nan wani bijimi ya taka masa ƙafa a kasuwa, ya ɗaure wurin da tsumma ya ci gaba da harkarsa. Na tarar da shi kwance a zaure, yana numfashi sama-sama.

"Zazzaɓi ne kawai, uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Mai kemis ya auna jinina ɗazu, ya ce daidai yake."

Na kama hannunsa. Goshi zafi rau, yatsu kuwa sanyi ƙalau. Na danna farcensa ya yi fari, na saki, na fara ƙirge a zuci. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Jan bai dawo ba. Na ɗaga wandonsa, na ga gwiwoyinsa sun yi dabbare-dabbare. Nan take na tuna tumakin nan: awo lafiya lau, jini kuwa ya fara tsayawa daga ciki.

"Baba, ku tashi mu tafi asibiti. Yanzu."

"Sai Litinin. Ina da baƙi daga Zabarmari."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. "Wallahi ba za ku kai Litinin ba!"

Mama ta fito da sauri tana salati. Ya dube ni, sannan ya ce a kira mai napep.

A hanya ya fara sambatu da Barbarci, yana kiran wansa da ya rasu tun ina ƙarama. Na riƙe shi, ina ta danna farcen nan kamar hakan zai gyara wani abu.

Likitar da ta karɓe mu ba ta ɓata lokaci ba: ƙarin ruwa hannu biyu, da allurai. Kwana uku bai gane kowa ba. Ni dai ina bakin gado ina leƙa ledar fitsarinsa, don na san ƙoda ce ke fara gazawa.

Ya tashi, amma an yanke masa yatsun ƙafa biyu. Ranar da aka sallame mu ya ƙi hawa keken guragu. Ya dafa kafaɗata, muka taka a hankali har bakin titi, yana faɗan wai an bar baƙinsa sun koma ba su ci abinci ba.