Nonon Da Ƙanwata Ta Ce Sun Sha

Da ɗana na fari ya ce yana son 'yar yayana, kowa ya yi murna. Auren zumunci ba baƙon abu ba ne a gidanmu, ni kaina 'yar kawuna nake aure. Har mun sa ranar kai goro, sai ga ƙanwata a shagona na Kasuwar Jalingo. Ta zauna a kan buhun masara, ta ce auren nan ba zai yiwu ba.

"Hamma, ni na shayar da su, su biyun. Shi lokacin da uwarsa ta kwanta ciwo, ita kuma ranar da aka bar mini ita aka tafi biki."

"Shekara ashirin da wani abu, sai yau kika tuna?"

"Da can wa ya tambaye ni?"

Raina dai bai kwanta ba. Tana da 'ya budurwa, kuma tun bara take aiko ta gidanmu da dambu, kullum a daidai lokacin da yaron yake gida. Na tambayi matata, ta ce ciwon nan ko kanta ba ta sani ba, balle wanda ya ɗauki jariri. Matar yayana ta ce ta tuna bikin, sauran ba ta gani ba.

A lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci a unguwar Sarkin Dawaki. Na zauna na rubuta tambayoyina da hannuna, kwana biyu ina yi, don kada in je gaban limaminmu in karkata maganar yadda nake so. Ya saurara har na gama karantawa. Ya ce shaidar mace ɗaya ba ta haramta aure, amma an fi so a nisanta. Ya ƙara da cewa in har ta shayar da yaron, to 'yarta ma ƙanwarsa ce, babu aure tsakaninsu har abada.

Na hau keke na tafi gidan ƙanwata a Abbare da wannan magana, ina jin na kama ta. Na same ta tana tankaɗe. Na faɗa mata a hankali, ina kallon fuskarta.

Ko rariyar ba ta ajiye ba. "Na sani, Hamma. Kai ne ka fara makaranta jiya, ba ni ba."

Ko gaskiya take faɗa, ko kuwa ta gwammace kowa ya rasa, har yau ban sani ba. Amma na kasa ɗaura wa ɗana auren da zan riƙa kallon jikokina ina wasiwasi. Washegari na je wurin yayana na ce a fasa. Bai yi musu ba, kuma saurin yardarsa ma sai da ya tsaya mini a rai.

Yaron bai sake taka gidan goggonsa ba. Ni ina zuwa, muna gaisawa.