Iyakar Tutzor a Gindin Kwano

Shekara talatin da ɗaya makullin ɗakin kayan unguwarmu, Tutzor, yana ɗaure a bakin ɗankwalin Hosiyat-hola, wato inna Hosiyat. Ni kuwa wata biyu kacal da dawowata daga karatu a Koriya, saura ƙiris na kwance shi da biro da rula, ban ma sani ba.

Ɗakin yana jingine da shagon shayi na unguwa. A ciki akwai manyan tukwanen ƙarfe uku, babbar cikinsu tana cinye kilo arba'in na shinkafa. Akwai butoci, da bencina, da shimfiɗu, da kwanukan tangaran jere a kanta har sama. A can rufi kuma makara ce a rataye. Duk mai biki ko suna ko rasuwa, nan yake zuwa aro.

Hosiyat-hola ba haihuwar unguwar ba ce. Daga wani ƙauye a gindin dutse ta zo tana da shekara goma sha bakwai, ta kama aiki a masana'antar siliki. Shekara ashirin da wani abu hannunta yana cikin ruwan zafi tana warware zare, har yatsunta suka daina sanin zafi. Yau ma da hannu take sauke buta daga wuta. Ta auri Usta Nemat kafinta, ta tare a gidansa da ke tsallaken magudanar ruwa, cikin gidaje taran nan da muke kira Ƙetare. Shi ne mai makulli a lokacin, kuma shi ya sassaƙa makarar. Da ya rasu aka ɗauke shi a kanta, makulli ya dawo hannun matarsa. Ta yi renon 'ya'ya biyu maza, dukkansu yanzu suna aikin gini a Rasha.

Ba ta da sauƙi. In ka dawo da tukunya, sai ta sa kai ciki ta shinshina.

"Wannan ka wanke ta ne ko ka yi mata sallama kawai? Koma ka shafa mata mai."

Akwai al'adar da ta gada, ba ta kuma taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kanta ba. Gidan da ya ari kaya don biki, in zai mayar, sai ya ƙara sabon kwano ɗaya, da alamar gidan a gindinsa. Da fenti ake yi a da, yanzu mata da jan farce suke yi. Alamar gidanmu layi biyu ne da ɗigo. Gidan rasuwa kuwa ba ya kawo komai. Wani gida ne da ke ƙaunar mamacin yake kawowa a madadinsa, da alamar gidan da ya kawo, sai a ƙara baƙin ɗigo a gefe.

A shekarar da na dawo, rufin ɗakin yana yoyo, fitilun layi rabi sun mutu, magudanar ta cike da laka. Aikin gayya ya yi rauni domin majiya ƙarfi duk suna Rasha. Sai hukumar gari ta ce unguwar da ta yarda, ta hanyar ƙuri'a, tana iya ɗora wa kanta ɗan ƙari a kan harajin gida, gwargwadon girman fili, kuma kuɗin ba zai fita daga unguwar ba, a nan za a kashe shi wajen gyara. Sharaɗi ɗaya ne: a zana iyaka, a san wanda ke ciki. Na ciki shi ke biya, shi ke aro, cikinsu kuma ake zaɓar mai kula da kaya.

Mai unguwa, Ergash-ota, ya kira ni.

"Ilhom, ba tsarin birane ka karanta ba? To ga birni. Tsara."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na je ofishin filaye na karɓo taswira. A jikinta Tutzor ta ƙare a bakin magudana. Gidajen Ƙetare an rubuta su ne a ƙarƙashin tsohuwar gonar gwamnati wadda ta watse tun ina rarrafe. Na bi layin da na tarar na ja masa jan biro, na liƙa a bangon shagon shayi. Aikin bai ɗauke ni awa biyu ba.

Washegari da hantsi na tarar da Hosiyat-hola tsaye gaban takardar, hannu a baya.

"Ɗan Koriya, zo nan. Ina gidana?"

Na nuna mata.

"Wannan jan kuma fa?"

"Iyaka ce, hola."

"To ni ina ciki ko ina waje?"

Sai a lokacin na gani. Na fara yi mata bayanin ofishin filaye da gonar gwamnati. Ta bari na gama.

"Shekara nawa ka yi a can?"

"Shida."

"Shida. Aka koya maka ka zana wuri ba ka taka shi ba. Ran sunanka wa ya dafa shinkafar? Tambayi uwarka."

Ta juya ta tafi, makulli yana lilo a kafaɗarta.

Na zaci gyaran mai sauƙi ne, a matsar da layi. Ergash-ota ya girgiza kai. Maganar ta riga ta shiga bakin mutane, kuma layina ya yi wa wasu daɗi. Babbansu Mirzohid, mai motocin kai 'ya'yan itace Rasha, wanda ya fi kowa bene a unguwar. Hujjarsa ba ta banza ba ce. In Ƙetare ta shigo, gadar katakon da ke haɗa mu ta zama nauyin unguwa, kuma abin da gida tara za su biya ba zai sayi ko rabin katakon ba. A Ƙetaren ma akwai masu murna, tunda na waje ba ya biya. Aka sa taro ranar Asabar bayan azahar.

Ranar Alhamis na je gidanta. Fili ne babba, itatuwan tut, waɗanda tsutsar siliki ke cin ganyensu, sun cika shi, ginin kuwa ɗaki biyu ne na laka. Ta zuba mini shayi, ta gutsura gurasa, ba ta dube ni ba. Na ce ko an fitar da Ƙetare zan roƙa a bar mata makulli, alfarma.

"Alfarma. Kana tsammani makullin ne? Ƙarfe ne, ya ma huda mini ɗankwali uku." Ta ajiye butar shayin. "Makarar nan, a tsakar gidan nan mijina ya sassaƙa ta, nan inda kake zaune. Ni na riƙe masa katakon. A kanta ya fita. Yanzu ran da na mutu sai a tsaya a ce matar waje ce, a kira taro a ga ko za a ara mata? Ko a kawo mini ta asibiti mai taya?"

"Ba wanda zai hana ki, hola."

"Yau ba wanda zai hana, domin sun san ni. Takardarka za ta fi waɗanda suka san ni daɗewa."

Na duba filin na ce mata gaskiya: in ta shigo, da girman wannan fili, za ta biya fiye da Mirzohid.

"Na sani. Na iya awo. Ka zo Asabar da safe, ka zo da bayanka, akwai ɗauka."

Ranar Asabar tun da sassafe ni da ita da mata uku na Ƙetare muka kwashe kwanukan ɗakin kaf zuwa farfajiyar shagon shayi. Ita ke nuna inda za a ajiye. Ta kan juya kwano, ta dubi gindi, ta ce, "Gidan Usta Halil, layin masallaci, na uku a dama." A kife muke ajiyewa, na kowane gida a tsibinsa. Tun ban gane ba har na gane: unguwar take shimfiɗawa a ƙasa, layi layi, lungu lungu. Ta kwance igiyar shanya ta miƙe ta a gefe ɗaya, ita ce magudana. A bayan igiyar ta jera tsibi tara.

Da mutane suka fito daga masallaci suka yi cirko-cirko. Ba a zauna a benci ba. Kowa ya shiga neman gidansa, ana ɗaga ƙafa kamar masu tsallake shuka.

"Kai, ga auren babana!"

"Wannan na sunan wa ne? Guda bakwai? Malam, ai kai ka cika unguwar da 'ya'ya, kai ya kamata a ninka wa harajin."

"Gidan Rustam kwano huɗu, mata kuwa ɗaya muka sani."

"Ku bar ni, biyu na kaciyar yara ne!"

Ergash-ota ya buga buta da cokali aka yi shiru. Mirzohid ya yi magana, a natse, da lissafinsa na katako da ƙusa. Ya ce ba ƙiyayya ba ce, amma abin da unguwa ba za ta iya ɗauka ba kada ta ɗora wa kanta. Mutane da yawa suka gyaɗa kai. Ni ma da a aji ne da na ba shi maki.

Mata a gefe suke zama a irin wannan taro, in suna da magana su aika. Hosiyat-hola ba ta aika ba. Ta tako tsakiyar kwanukan ta tsaya a bakin igiya.

"Mirzohid ɗan Sobir, ina gidanka a nan?"

Ya nuna. Kwano biyu ne, tsofaffi. Shi a gidan biki na haya yake aurar da 'ya'yansa.

"Ba laifi, mai kuɗi ba ya aro. To tsallako nan. Tsallako mana, igiya ce, ba za ta karye da kai ba."

Aka yi dariya. Ya tsallaka. Ta sunkuya ta ɗauko kwano daga tsibin gidanta ta miƙa masa. Alamar Usta Nemat ce, kusurwa irin ta kafinta, da baƙin ɗigo a gefe.

"Shekara shida da suka wuce, da kaka. Na wa ne?"

Kowa ya san lokacin da Sobir ya rasu.

"Ran da aka binne mijina, maza suka ce mace ba ta riƙe makulli. Ubanka ne ya miƙe ya ce ku ba ta. Shi ya sa na kawo masa wannan. Ban tambayi ofishin filaye ba." Ta nuna sauran tsibin. "Ku ɗaga su duka. Ku ga baƙin ɗigo nawa ne a wannan gefen, ku tuna na wa da wa ne. In mu 'yan waje ne, to ku ba mu kwanukanmu mu tafi da su, mu tafi da mamatanku."

Wasu suka tsallaka suna ɗagawa. Wata tsohuwa ta sami na ƙanwarta ta zauna a ƙasa riƙe da shi. Mirzohid yana nan tsaye da kwano a hannu biyu, kamar wanda aka ba jariri bai iya riƙo ba. Can ya ce, "Hola, gadar fa har yanzu tana da tsada."

"Wa ya ce maka arha ce?"

Aka ɗaga hannu. Masu son Ƙetare ta shigo suka rinjaya, ba da nisa sosai ba. Mirzohid bai ɗaga wa kowane gefe ba. Ya sunkuya ya mayar da kwanon inda yake.

Sau huɗu na je ofishin filaye kafin su karɓi sabon layin. A wannan karon da ƙafa na bi shi, gida gida, ita tana gaba ina biye da takarda. Gida biyu a Ƙetare sun daina gaishe ta har yau, sun ce ita ta jawo musu haraji. Gadar ba a taɓa ta ba tukuna, ta hannun hagu ake bi, an san katakon da ake tsallakewa. Rufin ɗakin dai an sake shi kafin ruwan saman hunturu. Takardar biya ta farko da ta iso mata, sai da ta zagaye unguwa da ita tana nuna wa mutane, tana cewa ɗan Koriya ya yanka ta ba wuƙa.

Da masu rufi suka gama, ta kira ni na taya ta mayar da makara mazauninta. Kafin mu ɗaga sai ta sa na ajiye ta a ƙasa. Ta kawo man auduga da tsumma ta bi hannayen huɗu tana shafawa, inda kafaɗun mutane suka cinye katakon ya yi santsi. Sannan ta tsaya a gefenta, ta dubi wannan ƙarshen ta dubi wancan.

"Ta yi mini tsawo. Shi dogo ne, da kansa ya auna."

Na hau tsani, ta miƙo mini gefe ɗaya.

"A hankali, kai! Kayan unguwa ne. Da kuɗina a ciki."