Baƙon da Jirgi Ya Bari a Garwa

Ban taɓa mantawa da safiyar da shef, wato shugaban tasharmu, ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya ce in zaɓa tsakanin Duwala da zaman gida ba. Tunda kun matsa sai na ba ku labari ɗaya kafin in tattara komatsaina in bar muku aikin, to wannan zan ba ku, don shi ne mafarin zuwana garin nan na Duwala. Waɗansunku sun ɗauka a bakin teku aka haife ni. Ni ɗan Garwa ne, a bakin Binuwai na koyi aikin tasha.

Ku da kuka saba ganin jirage kullum, sai na yi muku bayani. Tashar Garwa tashar damina ce. Sai kogi ya cika, wajen Agusta zuwa Satumba, jiragen kaya ke iya hawowa daga Najeriya. Su kawo siminti da gishiri da mai, su ɗebi auduga da gyaɗa, su juya tun kafin ruwa ya ja. Sauran shekara rabin kogin yashi ne. Ni fwantar ne a lokacin, wato mai tsayawa a bakin jirgi yana duba abin da aka sauke da abin da aka loda. Sama da ni akwai mai riƙe da makullan sito, sama da shi shef, shi kuma yana amsa wa manya a Duwala. Akwai wani ƙaramin aiki kuma da ya faɗo kaina. Kowace safiya nakan sauka in karanta ma'aunin ruwa, wani dogon ƙarfe mai lambobi da aka kafa a jikin gaɓa, in kai wa shef ya buga waya.

Gidanmu kuwa masaukin 'yan jirgi ne. Mahaifina shi ne maigidan Nufawan da ke zuwa da jiragen, kamar yadda ubansa ya yi. A wurinmu suke ci, a soronmu suke kwana. Kuma akwai al'ada tsakaninsu da mu. In ɗan jirgi ya yi ciwo mai nauyi, ba a tafiya da shi. Ana barinsa a hannun maigida, a ce sai ruwan baɗi, jirgin da ya zo baɗi ya ɗauke shi. Maigida ba ya tambayar irin wannan baƙo yaushe zai tafi, ba ya kuma tura shi wani gida. Wanda ya karɓa shi ne zai mayar.

Haka muka samu Baba Ndagi. Mutumin wajen Lokoja ne, jagoran jirgi, mai tsayawa a gaba da doguwar gora yana gwada zurfi yana nuna wa matuƙi hanya. Wata damina jirgi ya matse masa ƙafa da gaɓa, ƙashi ya karye a wuri biyu. Abokan aikinsa suka ɗauko shi a tabarma suka ajiye shi a soronmu, suka yi sallama da mahaifina, suka tafi. Maɗori ya yi ƙoƙarinsa, ƙafar ta haɗe, amma a karkace.

Ruwan baɗi ya zo, jirginsu bai zo ba. An riga an datse kogin a Lagdo, cikar ba ta kai ta da. Titi ya samu, manyan motoci suka kwashe audugar. Sai kuma ga matsin nan da ya sauko wa ƙasa, wanda kowa ke kira kiriz. Damina bayan damina muna share gaɓa muna jiran jirgi, sai dai ƙananan kwalekwale masu inji. 'Yan dako suka watse. Mai sito ya yi ritaya ba a kawo wani ba. Daga ƙarshe ni da shef muka rage, sai jemagu a cikin sito.

Gida ma haka ya riƙa raguwa. Mahaifina ya rasu. Yayyena suka bi kasuwanci, ɗaya Yawunde, ɗaya Kano. Matata Hajara ta rasu ba mu samu haihuwa ba. Gidan da a da sai an dafa tukunya uku, ya koma ni da tsoho ɗaya. Tun ranar da aka binne mahaifina Baba Ndagi ya daina kirana Ɗanjuma, ya koma ce mini Maigida, alhali ya isa ya haife ni. Na hana shi har na gaji. Ba mai yawan magana ba ne. Muna iya zama a tabarma ɗaya daga la'asar har magariba, abin da zai shiga tsakaninmu bai wuce miƙo buta ba. Amma kullum na dawo daga tasha sai ya ce, "Maigida, yaya ruwa yau?" In faɗa masa lambar, ya gyaɗa kai, shi ke nan.

To, safiyar da nake ba ku labari, damina ta fara nisa. Shef mutumin kudu ne, mai kirki, amma ba ya kewaye-kewaye. Ya ce, "Ɗanjuma, za a rufe gurbin fwantar a nan. Na yi maka magana, sun yarda su ɗauke ka a Duwala. In ka ƙi, babu wani gurbi, sai gida. Kafin ƙarshen wata nake son amsa."

Na ce, "Shef, ina da tsoho a gida."

Ya ce, "Mahaifinka ai ya rasu."

Na yi masa bayanin Baba Ndagi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ba ɗan'uwanka ba ne, ba shi da takardun ƙasar nan. Shingen farko a hanya za a sauke shi. Kuma ɗakin da za a ba ka can, ku uku ne a ciki. Ka sa shi a mota ya tafi garinsu mana."

Ta yaya zan fahimtar da shi cewa wannan maganar ce bakina ba zai iya furtawa ba? In na ce wa Baba Ndagi ga kuɗin mota, na kori baƙon mahaifina ke nan.

Gaskiyar magana, ina son tafiya. Na gaji da gidan nan. Na gaji da jin takun ƙafata a tsakar gida, na gaji da cin tuwon saye, na gaji da karanta ruwan da ba wanda zai hau. Shekaruna ba su kai arba'in ba, amma ji nake kamar an gama da ni. A ɗaya gefen kuma, in na ƙi Duwala, da me zan ciyar da mu biyu? Na je unguwar Rumde Ajiya wurin wani abokin yayana ko zai ɗauke ni tsaron shago, ya nuna mini 'ya'yansa uku suna zaune suna korar ƙuda. Kwana da kwanaki ina ta juya abin, ba wanda zan yi shawara da shi.

Wata la'asar na gaya wa Baba Ndagi, don ban saba ɓoye masa komai ba. Ya daɗe yana murza gwiwarsa.

Ya ce, "Akwai jirage can?"

Na ce, "Manya-manya, Baba. Rani da damina."

Ya ce, "To me ka ce musu?"

Na ce, "Ban ce komai ba tukuna."

Ya ce, "Saboda ni?"

Na ce, "A'a, Baba, ina dai tunani."

Ya dube ni. Ya miƙa hannu na ba shi buta.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare, na fito da safe na tarar da soro a share, tabarmarsa a naɗe. Na ɗauka bai dawo daga masallaci ba, na wuce tasha. Ina sauka gaɓa sai na hango shi zaune a cikin kwalekwalen Saliyu, wani mai kai jarkoki Yola yana dawowa da mai. Ya sa tsohuwar hularsa ta aiki, ƙunshin kayansa a cinya. Injin na kunne, Saliyu sai duban rana yake yana tsaki, amma igiyar tana ɗaure a jikin turke.

Saliyu ya ce, "Malam Ɗanjuma, don Allah zo ka sallame mu. Tun asuba tsohon nan ya hana ni taɓa igiya."

Nan na gane abin da ake jira. A wurin 'yan jirgin da, baƙo ba ya kwance igiyarsa. Komai saurinsu, sai maigida ya sauko da kansa ya kwance, ya jefa musu, wannan ita ce shaidar an rabu lafiya ba a bin juna komai. In maigida ya ƙi kwancewa, tafiya ta fasu, ba kuma mai tambayarsa dalili. Na sha ganin mahaifina yana yi ina yaro. Ni ban taɓa yi ba, don tun da na zama maigida ba jirgin da ya tashi.

Na ce, "Baba, wa ya ce ka tafi?"

Ya ce, "Ba wanda ya ce. Ruwa ya kawo, ga jirgi ya samu. Ai haka aka yi da mahaifinka."

Na ce, "Wannan ba jirgi ba ne, kwalekwalen mai ne. Kuma a Yola yake tsayawa."

Ya ce, "Daga Yola na san hanya. Ina da 'ya a Lokoja, ta daɗe tana jira." Sai ya nuna turken da haɓa. "Maigida, rana na yi."

Na tsuguna na kama igiyar. Wallahi ban san tsawon lokacin da na yi a tsugune ba. Abin a hannuna yake. In na miƙe na bar ta, zai fito ya ɗingisa ya bi ni gida, ba zai ce uffan ba, mu ci gaba da zama har abin da Allah ya yi. In na kwance, na samu Duwala. Na ɗaga kai in ga ko fuskarsa za ta gaya mini wani abu, sai na ga ya juya yana kallon ruwa.

Na kwance. Na naɗe ta kamar yadda na ga ana yi, na jefa, ya cafe da hannu ɗaya. Ya ce, "Allah ya bar gida." Na ce, "Allah ya kai lafiya." Na tsaya har suka sha kwana ƙarar injin ta ɓace. Daga nan na karanta ma'auni, na hau biro, na ce wa shef na yarda.

Ba sai na ba ku labarin farkon zamana a nan ba. Gari cike da mutane, ba wanda zai tambaye ka yadda ka wuni. Aiki ya karɓe ni, na samu ƙarin girma, na sake aure. Hutu ya yi wuya, hanya ta yi nisa, sai da shekaru suka shuɗe kafin na sake taka Garwa. Da na je, na nemi Saliyu na same shi yana facin kwalekwale. Na ce ya ba ni labarin yadda suka rabu da tsoho a Yola.

Ya ajiye gudumarsa. Ya ce, "Ai bai kai Yola ba. Muna wuce garin Barnake ya ce in sauke shi a wani ƙauyen masunta. Na ce masa 'yarka fa? Ya ce ba shi da 'ya, ba shi da kowa a Lokoja, tun kafin ya zo Garwa duk sun ƙare. Ya ce in na kuskura na gaya maka kafin ka bar gari, bai yafe ba."

Washegari Saliyu ya kai ni ƙauyen. Mai garin ya tuna da shi sarai. Ya ce gyaran raga yake yi musu suna ba shi abinci, a wata bukka kusa da ruwa, har damina biyu. Ya kai ni inda suka binne shi, ƙarƙashin wata tsamiya, ba alama sai ƙaya da aka jibga.

Ya ce, "Da ciwon ya yi tsanani mun tambaye shi wa za a sanar a danginsa. Ya ce yana da maigida, Ɗanjuma, yana aikin manyan jirage a Duwala. Ya ce amma kada a tayar masa da hankali, sabon wuri ne, bai gama zama ba."

Na zauna a gindin tsamiyar nan na yi kukan da ban yi a gaɓa ba.

Abin da na koya ke nan, ku da za ku ci gaba da aikin. An horar da mu mu tabbata duk abin da ya bar tasha ya isa inda aka ce za shi, buhu ɗaya ya ɓace sai mun bi sawunsa. Amma mutane irin Baba Ndagi, in suka ga sun zame maka nauyi, da kansu suke sauka, su kuma gaya maka abin da zai sa hannunka ya yi sauƙi. Za a yi muku canjin gari, wasunku ba da daɗewa ba, kuma ban ce ku ƙi ba. Sai dai duk wanda ya ce muku ku tafi, shi yana da inda za shi, ku tambaye shi sunan mai jiran nasa.