Tururuwar da Ta Ƙi Goge Sawu

"Ki goge layin nan yau, ko ki ajiye makullin ofis!"

Surukin mai kantinmu ne ke wannan ihun. Ni kuwa ina bakin ƙofa da tsintsiyata, wuri ɗaya na share sau huɗu. Wadda yake yi wa tsawa ita ce mai kula da shafinmu na intanet, inda muke sayar da kayan keken ɗinki. Tururuwa muke ce mata. Shekara goma sha ɗaya tana riga kowa zuwa, ban da ni, ta zauna tana jera wani siririn layi a saman kowane shafi: Gida, Keken ƙafa, Allura. Sawu take kiransa. Ta ce da shi injin bincike na intanet ke gane mazaunin kaya, telan da ya faɗo tsakiyar shafi kuma ya san hanyar komawa.

Shi suruki cewa ya yi layin ƙauyanci ne. Har ya sa an yi masa sabon shafi, hotuna sai walƙiya, babu sawu.

"Ranka ya daɗe," in ji Tururuwa ga mai kanti, "a ba Iya ta gwada. In ta ɓata a nawa, na tafi."

Ni ce fa Iyar. A aji uku na bar makaranta, tabarau kuma na manta shi a gida. Abincin yarinyar nan ya dawo kan yatsana! Ɗabi'arta ce dama, duk shafin da ta gyara sai ta miƙo min waya, in na ruɗe ta sake aiki. Amma ba a taɓa yi gaban maigida ba.

Mai kanti ya buɗe shafin allura na suruki a waya, ya miƙo min. "Iya, nemo min bel ɗin da ke juya keken wannan allura."

Na dangwala, na shafa, na ƙare a hoton suruki yana murmushi. Aka buɗe nata. Na kai wayar bakin hancina. Na ga "Keken ƙafa" a sama, na taɓa. Ga bel.



Ke ce Tururuwa, mai bar wa na baya sawu. Direbanmu shaida ne, teloli daga nesa kan ce masa a waya suka same mu, ba su ma san da ke ba. Na gode, 'yar nan, Allah ya yi albarka. Ku masu irin aikinta, ku ma ku nemi tsohuwa ku gwada kafin ku yi wa mutane ado.

"Layi ya zauna," in ji mai kanti.

Suruki ya nuna ni da yatsa. "Ai tsohuwar nan koya mata aka yi!"

Na ce, "Shekara goma sha ɗaya ake koya min, ɗan nan. Kai ma ka zo gobe da safe, akwai kujera."

Ya fice, ya buga ƙofa har fenti ya zubo a inda na share.