Neman Fuskar Baba a Kuseri

Laifina ne, kuma da kwallin Inna na aikata shi. Yaya Bashir da ke aiki a Dubai ya turo kuɗin aikin idon Inna da token, kuɗin intanet ɗin nan da ke bi ta bulokcen. Da sunan Baba aka buɗe asusun tun yana gida, don ni shekarata sha shida, katin Inna kuma ya ƙare aiki tana jiran sabo. Da na zo mayar da token ɗin sefa, sai wayar ta ce doka ta hana sakin komai sai mai asusun ya nuna fuskarsa an gwada da hoton katinsa, wai kada ɓarayi da 'yan bindiga su riƙa wucewa da kuɗi da sunan wasu. Baba kuwa shekara uku ke nan yana Kuseri yana dillancin shanu.

Sai na sa tsohuwar hularsa, na zana gemu da kwalli, na murtuke. Ni kaina da na duba madubi sai da na gaishe ni. Wayar ba ta ruɗu ba. Ta kulle asusun, ta ce saura dama ɗaya. Likita ya sa ranar Litinin. Wayar Baba ta maɓalli ce, asusun kuma a ɗaure yake da tamu. Dole a kai masa ita.

Alhamis, Garuwa zuwa Marwa

Ƙarfe biyar saura na bar unguwarmu Poumpoumré a kan babur ɗin haya. Inna ta rako ni bakin ƙofa tana lalube da bango, ta ce, “Auta, in ya tambaya, ka ce muna lafiya. In bai tambaya ba, kada ka ce komai.”

A tasha na biya jaka uku da rabi, aka cusa ni tsakanin buhun albasa da wata mata mai kaji. Har Figil babu wanda ya yi mini magana sai zakara. Kowa a motar yana da wanda yake bugo masa waya ya ji ina suka kai. Tawa tana cikin safa, a kashe, don tattalin caji.

A shingen jandarma na miƙa katin makaranta.

“Ina za ka?”

“Kuseri, ranka ya daɗe. Hoton babana zan ɗauka.”

“Babu mai hoto a Garuwa?”

“Akwai mai hoto. Baban ne babu.”

Motar ta kwashe da dariya, ni ma na taya su. Da muka wuce na juya wajen taga na daɗe ina kallon gonakin auduga.

Bayan azahar muka shiga Marwa, kilomita ɗari biyu da 'yan kai. Na sauka gidan Baffa Hamadu, mahauci, abokin Baba. Ya ba ni tuwo da naman da ya kai kan jariri girma, ya ce, “Ka san inda yake zaune?” Na ce a'a. Ya ce, “Ni ma haka. Ka neme shi a kara, wajen 'yan shanu.”

Juma'a, Marwa zuwa Kuseri

Shida da rabi muka tashi. Zuwa Mora hanya ce. Daga Mora kuwa ramuka ne aka yi musu ado da kwalta. Akwai ramin da muka shiga da hantsi, ba mu fito ba sai da aka kira azahar. Sojoji sun sauke mu sau huɗu, a Waza har safata suka duba. Direban, wani Bafillace mai fara'a, ya ce, “Kai ɗan Hausa, waya a safa? Ka ji tausayin wanda zai kara ta a kunne.”

Da la'asar sakaliya na isa kara. Tun daga nesa na gane Baba da yadda yake riƙe sanda a bayan wuya. Na yi sallama na durƙusa. Ya dube ni, ya ce, “Wa ya rasu?”

“Babu kowa, Baba.”

Da na miƙe na ga na fi shi tsawo. Shi ma ya gani.

Ɗakinsa ɗaya ne a bayan wani shagon taya: tabarma, buta, rediyo, kofin shayi guda. Ya ba ni kofin, shi ya sha a murfin tukunya.

Asabar, Kuseri

Da safe na kunna waya, sai ga saƙo ana yi mini barka da zuwa Cadi. Ashe rezon Njamena ne, wato sabis ɗin wayarsu, ya tsallako kogin Logone da ke kan iyaka ya kama mu. Asusun ya ce ba zai saurare mu daga wata ƙasa ba. Baba ya ce, “Shekara uku ina nan, yau waya ta kore ni daga ƙasata.”

Muka taka muna nisa da kogi, shi a gaba, ni a baya ina ɗaga waya sama kamar mai neman ruwan sama. Mun yi kusan kilomita biyu. A hanya ya ce, “Makaranta?” Na ce lafiya. Can ya ce, “Idon nata, duka biyun ne?” Na ce na dama ne. Ya gyaɗa kai.

Ƙarƙashin wata bishiyar bedi rezon Kamaru ya dawo. Na ɗauki hoton katinsa gaba da baya, na tsayar da shi yana fuskantar haske. Wayar tana ba da umarni da Faransanci, ina fassarawa.

“Juya hagu, Baba. A hankali. Yanzu dama. Ƙifta ido.”

Tunda aka haife ni ban taɓa ba shi umarni ba, ban kuma taɓa kallon fuskarsa haka kai tsaye ba. Gemunsa ya yi fari ta gefe ɗaya.

“Yanzu wai ka yi murmushi.”

Ya yage baki kamar za a cire masa haƙori. Da'irar da ke kan allon ta ƙi cika, lokaci yana ƙarewa, kuma wannan ce damar ƙarshe. Sai na ce, “Baba, ka san abin da ya sa aka kulle? Hularka na sa, na yi gemu da kwallin Inna.”

“Kwalli?”

“Har da gashin baki.”

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda nake jiyowa daga ɗaki ina ƙarami. Da'irar ta zama kore. Na yi wuf na danna don in adana hoton, amma wayar ta ce ba a yarda a ɗauki hoton wannan shafi ba, ta bar mini baƙin fili.

Lahadi, komawa gida

Ya raka ni tasha da asuba, ya biya kuɗin mota, ya miƙo mini ƙullin busasshen kifi. Ya ce, “Ka ce mata Allah ya ba da lafiya. Ina nan zuwa da Sallah.”

Na isa Poumpoumré dare ya raba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Baffa Hamadu, da direban da bai bar ni a rami ba. Ranar Litinin aka yi wa Inna aiki, yanzu tana zura zare a allura da kanta. Asusun yana nan a buɗe. Sallah ta wuce, Baba bai zo ba.